Yadda Ƙwayar Zarra Ke Tona Asirin Zumar Algus

Mai zuma zai rantse maka tsantsa ce, ya ɗiga ta a ruwa ko ya tsoma tsinken ashana ya ƙyasta don ka gani. Waɗannan dabarun kasuwa ba sa hana a cuce ka. Shaidar da ke kama mai haɗa zuma da sukarin rake tana cikin ƙwayoyin zarrar kabon da ke zumar kanta.

Kabon mai ɗorewa, wanda ba ya rikiɗa ya koma wani sinadari, iri biyu ne, kuma masana na kiran irin waɗannan 'yan gida ɗaya isotop. Akwai kabon-12, wanda ya kai kashi 98.9 cikin 100, sai kabon-13 mai kashi 1.1. Aikinsu ɗaya, amma kabon-13 ya ɗara ɗan'uwansa nauyi da ƙwayar nutron guda. Wannan ɗan nauyin kan sa shi nawa wajen ratsa ƙofofin ganye da wajen haɗuwa da wasu sinadarai. Kamar shiƙar hatsi ne: iska ta fi ɗaukar marar nauyi, mai nauyi ya zube kusa. Haka ruwa ma yake, mai ɗauke da iskar oksijin-16 ya fi saurin tashi tururi a kan mai oksijin-18.

To, tsirrai ba su zama ɗaya ba wajen wannan zaɓe. Shinkafa, alkama, wake, rogo da galibin itatuwa, waɗanda ake kira rukunin C3, suna kama iskar kabon da wani sinadari mai suna rubisko, shi kuwa tsananin son kabon-12 gare shi. Gero, dawa, masara da rake 'yan rukunin C4 ne. Su sukan fara tara iskar a wasu ɗakunan ganye na ciki, inda rubisko ba shi da damar yin tsirfa, sai ya ɗauki abin da ya samu. Idan aka auna da ma'aunin duniya, kabon-13 na 'yan C3 kan gaza da kusan kashi 27 cikin 1,000, na 'yan C4 kuwa da kusan 12 kacal.

Ƙudan zuma furannin C3 suka fi tsotsa, don haka zumar gaske tambarin C3 take ɗauke da shi. Da an zuba mata sukarin rake ko na masara, awon ya karkata. A 1978 Jonathan White da Landis Doner a Amurka suka fitar da wannan gwaji. Daga baya aka ƙara masa kaifi: a ware furotin ɗin da ke cikin zumar a auna shi daban, tunda shi daga ƙuda da fure ya fito, mai algus bai taɓa shi ba. In tazarar da ke tsakanin awon biyu ta wuce kashi 1 cikin 1,000, an san an yi haɗi da sukarin da ya kai kusan kashi 7 cikin 100.

Wannan tambarin har jikinmu yake bi. Ƙashi da gashin wanda ya tashi da tuwon dawa da fura ba su yi daidai da na mai cin shinkafa ba, kuma da haka masana suka gano lokacin da masara ta zama abincin mutanen dā a Arewacin Amurka.

Sai dai kada a ɗauka an gama da 'yan algus. Zaƙin da ake tatsa daga shinkafa na C3 ne, wannan gwajin ba ya ganinsa, kuma tuni wasu suka koma can. Saboda haka in za ka sayi zuma, nemi wanda ka san amyarsa.