Faransancin lakwal jari ne ga mai koyon Ingilishi

A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Ƴan ci-rani a Legas, Kumasi da New York sun daɗe da sanin cewa rashin Ingilishi kan hana mutum aiki. Sai dai matasa da yawa kan karaya, suna ganin sai sun haddace ƙamus.

Wanda ya yi lakwal ba da hannu wofi zai fara ba. A 1066 William, sarkin yankin Normandi na Faransa, ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu kusan shekara 300. Dubban kalmomi sun shiga Ingilishi ta wannan ƙofa.

Shi ya sa nation da information rubutunsu ɗaya a harsunan biyu, lafazi ne ya bambanta. Wasu kuma ƙarshensu kawai ake sauyawa: université ta koma university, dangereux ta koma dangerous, rapidement ta koma rapidly.

Sai saiwar kalma. Port daga Latin take, tana nufin ɗauka. Export fitar da kaya waje, import shigo da su, transport sufuri, portable abin da ake iya ɗauka, kamar wayar da ke aljihunka.

Ɗafi ma ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Yadda noma ke haifar da manomi, haka farm ke haifar da farmer, teach kuma teacher. Un- a farkon kalma na juya ma'ana: happy mai farin ciki, unhappy akasinsa. Re- na nufin sakewa.

A nahawu kuwa, wani lokaci Hausa ta fi kusa. White house jerinta ɗaya da farin gida, saɓanin maison blanche. The guda ɗaya ta wadatar, babu ruwanka da le ko la.

Amma a yi hattara da kalmomi masu yaudara. Library ɗakin karatu ne, ba shagon sayar da littattafai ba. Actually na nufin a gaskiya, ba a halin yanzu ba.

Hanya mai sauƙi ita ce ɗaukar saiwa ɗaya kullum, a rubuta danginta huɗu ko biyar, a saurari lafazinsu a waya, sannan a sa kowace cikin jumla kafin a kwanta.