Daga motar kara zuwa ƙaramar a-kori-kura: yadda ake ƙera samfurin mota da awo

Duk wanda ya tashi a Kambarawa ko wata unguwa a cikin Katsina ya san motar kara da motar langa-langa. A fere karan dawa, a yanko tsohon silifas a yi taya, a ɗaura zare a ja ta cikin lungu. To abin da zan yi bayani a kai yayan wannan wasan ne: ƙera samfurin mota ta gaske, wadda kowane sashe nata ya fito daga awo. Ga ɗaliban injiniyan kanikanci da na zanen gine-gine, wannan aiki ne da zai iya zama furojet, kuma hannun da ya iya shi ba zai rasa abin yi ba bayan an gama makaranta.

Wace mota za ka ɗauka?

Shawarata ita ce Fijo 504 a-kori-kura. An fara fitar da 504 a Faransa a 1968, kuma masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta daɗe tana haɗa ta a ƙasar nan. Shi ya sa har yau kake ganinta da lodin buhuna a hanyar Charanchi ko Mai'aduwa. Amfaninta gare ka biyu ne: za ka same ta ka auna da hannunka, sannan jikinta ya fi na Hilux ta zamani miƙewa, ba lanƙwasa da yawa da za ta wahalar da mai koyo.

Awo kafin almakashi

Ka samu direba ko bakanike, ka gaishe shi, ka nemi izini. Galibinsu daɗi ma suke ji. Ka je da tef da littafi. Ka auna tsawo, faɗi, tsayi, tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya, faɗin taya, da zurfin bodin baya. Ka ɗauki hoto ta gefe, ta gaba, ta baya, amma ka ja da baya sosai, don hoton kusa yana kumbura abin da ya fi kusa da waya.

Sai zaɓen sikeli. Masu wannan sana'a a duniya sun fi amfani da 1:18, 1:24 da 1:43. Ni dai 1:20 nake ba mai farawa, saboda lissafinsa ba ciwon kai: duk abin da ka auna, raba shi da 20. Misali, in tef ya ba ka tsawon mita 4.8, samfurinka santimita 24 ke nan. Tayar da faɗinta ya kai santimita 64 za ta dawo 3.2. Ka lura da wannan: kuskuren milimita 2 a samfuri daidai yake da santimita 4 a jikin motar gaske. Nan ne mutane da yawa suke faɗuwa. Ido ya san Fijo, in kan motar ya fi ƙarfin bodi, ko yaro zai ce maka wannan ba ita ba ce.

Ka zana motar a takarda ta fuska uku, kamar yadda ake koya mana a darasin zanen fasaha. Daga nan ka haɗa ta da kwali tukuna. In kwalin ya zauna daidai, ka warware shi ya zama maka ma'auni na yanka ƙarfe. Asarar kwali ba ta kai asarar kwano ba.

Kayan aiki

Falankin katako siriri don gindi, gwangwanin madara babba ko guntun kwano don jiki, wayar ƙarfe don gatari da ƙarafan bodi, robar kwalba mai haske don gilashi. Sai almakashin kwano, filaya, sanfefa, dalma, gam da fenti. Mafi yawansu a gida ko wurin masu walda za ka tsince su.

Daga ƙasa ake farawa

Ka yanka gindin, ka sa gatarin gaba da na baya a daidai tazarar da ka lissafa. Ka ɗora a kan tebur mai santsi ka duba ko tayoyi huɗu duk sun taɓa ƙasa. In ɗaya ta rataye, gyara yanzu, don bayan an ɗora jiki ba dama. Bayan a-kori-kura sifirin mai ganye ne, wato falle-fallen ƙarfe da aka jera kan juna. Ka yanko siraran gwangwani huɗu ko biyar, kowanne ya gaza na samansa tsawo, ka ɗan lanƙwasa su.

Kan motar da bodin baya ka yi su daban-daban. Kujera, sitiyari da dashbod su shiga kafin ka rufe rufin. Bakin gwangwani kuwa ka ninke shi ciki, don kada ya yanke ka, kuma kaurinsa ya ɓuya.

Abin da ke sa a gane ta

Fuskar 504 tana cikin fitilunta masu ɗan karkata da tambarin zaki a tsakiya. Ka ɓata lokaci a nan. Sai madubi, marfin tanki, ƙugiyoyin ƙofar baya, da lamba. A Najeriya lambar motar haya jan rubutu ce, ta gida kuma shuɗi, to ka san wadda kake kwaikwayo. Kada ka manna gilashi da sufa gulu, tururinsa yana sa roba ta yi fari. Farin gam na kafintoci ya fi.

Wajen fenti, ka goge da sanfefa, ka sa na share fage, sannan ka fesa launi sau biyu ko uku sama-sama, kana bari yana bushewa. In lokacin hunturu ne ka kife kwali a kai, in ba haka ba ƙura za ta zauna. Fenti da dalma duk a waje ake yinsu, ba a ɗakin hostel da taga rufe ba.

A ƙarshe ka yanke shawara: sabuwa fil kake so, ko wadda ta sha hanya? In ta biyu ce, ɗan jan fenti mai duhu a bakin ƙofa ya zama tsatsa, garin jar ƙasa a gindin taya, 'yan buhuna na yadi a baya, da rubutu irin na direbobi, kamar Allah ya kiyaye hanya.

Da yawanmu muna cin jarabawar zane amma ba mu taɓa mayar da zane ya zama abin riƙewa a hannu ba. Wannan hutun, ka ari tef ka je ka auna mota ɗaya. In ka gama, ka kai wa direban ya gani. Shi ne zai fara nuna maka inda ka yi kuskure, kuma makinsa ba ya da son kai.