Cututtukan Bairos da Ɗan Maraƙin da Ke Ciki

Saniya tana ɗaukar ciki na wata tara da 'yan kwanaki, kimanin kwana 283. A tsawon wannan lokaci mahaifa ce ke ciyar da ɗan tayi, tana kuma tare shi daga yawancin cututtukan uwa. Wasu ƙwayoyin bairos suna iya ƙetare wannan shinge. Uwar kan yi ɗan zazzaɓi na kwana biyu ta miƙe, makiyayi bai ma lura ba, sai bayan watanni a ga ɓari ko maraƙi mai naƙasa. A rugagen da ke kewaye da ganuwar Zazzau, inda matan Fulani ke ɗauko nonon da suke shigowa da shi ta Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan, rashin maraƙi guda na nufin rashin tatsar shekara.

Fitacciya a wannan fanni ita ce cutar gudawar shanu ta bairos, wadda likitoci ke kira BVD, aka fara bayyana ta a Amurka a 1946. Ɓarnarta ta danganta da tsufan cikin. Idan ta kama saniya a makonnin farko, tayin kan mutu ya narke, sai saniyar ta sake neman bijimi kamar ba ta ɗauka ba. Daga wajen wata na huɗu zuwa na biyar kuwa, ƙwaƙwalwa da idanu take taɓawa, a haifi maraƙi makaho ko mai karkarwa da ba ya iya tsayawa ya sha nono. A ƙarshen ciki, ɗan kan yaƙi cutar da kansa.

Mafi haɗari shi ne tsakanin kwana 40 zuwa 120. A lokacin garkuwar jikin tayin ba ta nuna ba, don haka takan ɗauki ƙwayar a matsayin wani sashe na jiki. Irin wannan maraƙi na iya fitowa lafiya lau a ido, amma har mutuwarsa yana zubar da cutar ta majina, miyau, fitsari da kashi. Shi kaɗai ya isa ya riƙa shafa wa kowace mai ciki a garke. Babu maganin da ke wanke shi. Gwajin jini ne ke gano shi, a fitar da shi.

Akwai kuma waɗanda ƙwari ke yaɗawa. Zazzaɓin Rift Valley, da aka gano a Kenya a 1931, sauro ne ke ɗaukarsa bayan ruwa mai yawa, kuma alamarsa ɓari barkatai a lokaci guda. Yana kama mutum; ya kashe mutane a jihar Tawa ta Nijar a 2016. Bairos ɗin Akabane, mai sanya a haifi maraƙi da sandararrun gaɓoɓi, ƙananan ƙwari masu cizo ne ke yaɗa shi.

Ba kowane ɓari ne na bairos ba. Bakkale, wadda makiyaya suka fi sani, bakteriya ce ke haddasa ta, kuma ido ba ya bambance su. Shi ya sa yawan ɗirka wa saniya allurar kashe bakteriya asarar kuɗi ce idan bairos ne sanadi.

Zazzagawa na da gatan da garuruwa da yawa ba su da shi: asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, da cibiyar binciken kiwo ta NAPRI a Shika. Saniyar da ta yi ɓari a ware ta, kada a taɓa tayin ko mabiyiya da hannu tsirara, a kira likita ya ɗauki samfuri kafin a binne su da zurfi. Sabuwar dabba daga kasuwa kuwa, a killace ta kimanin wata guda kafin ta haɗu da masu ciki.