Yadda Ake Shata Hanyar Kebul a Manhajar Zanen Lantarki

Zanen da'irar lantarki yana nuna abin da ke haɗe da wani: wannan wayar ta tashi daga makunni ta je injin, waccan ta fito daga fis ta shiga fitila. Amma ba ya faɗin ta ina wayar za ta bi, balle tsawonta. Wannan shi ne aikin shata hanyar kebul, kuma manhajoji irin su EPLAN Pro Panel da SOLIDWORKS Electrical sun tanadi kayan aiki na musamman domin sa.

Abin da ya kamata ka fara sani shi ne manhaja ba ta ƙirƙiro hanya da kanta. Kai ne za ka shimfiɗa mata hanyoyin, ita kuma ta zaɓi mafi gajarta a cikinsu. In shimfiɗar ta karkace, duk lissafin da zai biyo baya ya karkace.

Yadda ake yi

Da farko ana jera kayan a zane mai fuska uku, kowanne a inda zai zauna a zahiri, tare da nuna bakin da waya za ta shiga. Daga nan sai a ja layuka ta cikin bututu, tiren kebul da magudanar waya. A SOLIDWORKS Electrical, ana sa wa zanen waɗannan layuka suna EW_PATH, ta haka manhajar ke gane cewa hanya ce.

Sai a tabbatar layukan sun haɗu. Akwai iyakar tazarar da manhaja ke yarda ta tsallaka tsakanin layi da layi, ko tsakanin layi da bakin na'ura. Idan giɓin ya wuce iyakar, wayar na iya miƙewa sambal ta ratsa ƙarfe, ko manhajar ta ƙi jan ta gaba ɗaya. Wurin da aka fi mantawa shi ne ƙofar akwatin sarrafa wuta: dole hanya ta bi ta gefen da ƙofar ke juyawa, a kuma bar rarar waya don kada ta tsinke in an buɗe.

A ƙarshe sai a gindaya ƙa'ida: wane irin kebul ne zai bi wace hanya. Kebul mai ɗauke da wuta mai ƙarfi yana iya gurɓata saƙon da ke cikin wayar sadarwa ko ta na'urar awo idan suka yi doguwar tafiya kafaɗa da kafaɗa, shi ya sa ake raba musu hanya.

Me ya sa tsawo ke da muhimmanci?

Wuta tana raguwa gwargwadon nisan da ta yi a cikin waya. Ƙa'idar BS 7671 ta Birtaniya ta ba da shawarar kada raguwar ta wuce kashi 3 cikin 100 ga fitilu, da kashi 5 ga sauran kaya. A layi mai ƙarfin bolt 230, kashi 5 ɗin shi ne bolt 11.5.

Ɗauki kebul na jan ƙarfe mai kauri 2.5mm², wanda ke rasa kusan milibolt 18 a kowace amfiya a kowace mita. Idan yana ɗauke da amfiya 20 a tsawon mita 30, asarar bolt 10.8 ce, ta shiga ƙa'ida. Idan kuwa hanyar gaskiya ta zagaya ginshiƙi ta kai mita 40, asarar ta zama bolt 14.4, wato sai an koma kebul mafi kauri. Mita 10 kacal ta canja abin da za a saya.

Haka batun cunkoso. Kundin NEC na Amurka bai yarda wayoyi uku ko fiye su cika sama da kashi 40 cikin 100 na faɗin cikin bututu ba, domin cunkoso na wahalar da ja, yana kuma iya goge rufin waya. Manhaja na iya nuna maka hanyar da ta cika tun kafin a sayi ko mita ɗaya.

Kafin ka fitar da jerin kaya

Duba ko akwai wayar da ta ratsa iska ba ta bi hanya ba. Duba lanƙwasa, domin kowane kebul yana da iyakar tanƙwarar da masu ƙera shi suka ƙayyade. Ƙara rarar da ma'aikaci zai buƙata wajen feɗe baki da ɗaurewa. Sannan ka kwatanta tsawon kebul biyu ko uku da awon wurin aikin kansa. In sun yi daidai, kana iya amincewa da sauran. In sun saɓa, koma kan layukan da ka ja kafin kuɗi su fita.