Kada Ku Ɓare Ƙwan Salwa da Farce

Wani saƙon murya na ta yawo a WhatsApp tsakanin masu kiwon salwa, har ya iso rukunin unguwarmu. Mai maganar, wanda bai ga damar faɗin sunansa ba, ya ce idan ɗan tsako ya huda ƙwai ya yi awa biyu bai fito ba, numfashi ne ya gagare shi, don haka a buɗe injin ƙyanƙyasa a ɓare masa ɓawo da farce. Yana magana da gadara kamar shi ya ƙera injin. Wannan shawara kashe 'yan tsaki take yi.

Salwar Japan, wadda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom ta shigo da ita Najeriya a 1992, ƙwanta kan ƙyanƙyashe a kwana 17 zuwa 18, a zafin digiri 37.5. Kafin ka ga 'yar tsagar nan a jikin ɓawo, tsakon ya riga ya soka bakinsa cikin gurbin iskar da ke ɓangaren ƙwai mai faɗi, ya fara numfashi da huhu. Tsagar kuma ta ƙara masa iska. Shirun da yake yi bayan nan, wanda kan kai awa 12 har 24, ba suma ba ce. A lokacin ne yake janye ragowar gwaiduwa cikin cikinsa ta cibiya, jijiyoyin jinin da suka bazu a tantanin ɓawo kuma suna tsukewa. Duk wanda ya sa farce a sannan, jijiya zai tsinka, tsakon da bai kai giram 10 ba kuwa ba shi da jinin zubarwa. Wanda ya tsira daga zubar jini sai ya fito da gwaiduwa tana reto a cibiya, cuta ta samu hanyar shiga.

Buɗe murfin ma ɓarna ce ta daban. A kwanakin ƙarshe ana son laimar cikin injin ta kai kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari. Ka ɗaga murfi a cikin hunturu, busasshiyar iska ta shiga, tantanin sauran ƙwayayen da suka tsage ya bushe ya manne wa 'yan tsakin. Garin ceton ɗaya an ɗaure goma.

Ban ga laifin waɗanda suka yarda ba. Mutum ya zuba kuɗinsa, ya yi mako biyu yana fama da janareta, ga baki yana motsi ta gilashi, ga kuka yana ji. Dole hannu ya yi ƙaiƙayi.

Akwai dai inda taimako ke da hujja: idan an wuce awa 24 da tsagar, ko tsakon ya fara zagaye ɓawon ya tsaya cak, tantanin kuma ya bushe ya yi duhu. Sai a jiƙa tantanin da auduga da ruwan ɗumi, nesa da hanci, a gutsuri ɓawo kaɗan-kaɗan. Da an ga ɗigon jini a dakata, a mayar da ƙwan. Ko a nan masu kiwo sun rabu biyu, domin irin wannan tsakon sau da yawa rauni ne ya hana shi fitowa, kuma ba lalle ya rayu ba.

Sauran maganganun saƙon ba su cancanci dogon bayani ba. Siffar ƙwai ba ta nuna mace ko namiji. Ɗauke wuta na awa ɗaya ba ya mayar da ƙwai baragurbi, a bar murfi a rufe kawai. Wanke ƙwai da ruwan sanyi kuwa cire masa kariyarsa yake yi. Abu guda ya faɗa daidai, a daina juya ƙwai daga kwana na 14 ko 15. Ya manta bai ce a zuba tsakuwa a mazubin ruwan 'yan tsakin ba, alhali ɗan ruwa kaɗan ya isa ya nutsar da su.