Sinadarin da Ɗigon Ruwa Ɗaya ke Kashewa

Yau za mu leƙa ɗakin gwaje-gwajen kimiyyar sinadarai, mu ga wani aiki da ruwa ne babban abokin gabarsa.

A shekarar 1900, wani Bafaranshe mai suna Victor Grignard ya gano cewa idan aka zuba ɓarɓashin ƙarfen maganiziyam cikin ruwan sinadarin eta, aka ɗiga masa sinadari mai ɗauke da buromin, ƙarfen zai manne da kabon kai tsaye. Wannan haɗin ne masana ke amfani da shi su ɗinke kabon da kabon, wato ginshiƙin ƙera magunguna da yawa. Shi ya ba shi kyautar Nobel a 1912.

To ina matsalar? Da zarar laima ta taɓa shi, shi ke nan, ya mutu. Misali, wanda aka haɗa da buromobenzin zai koma benzin kawai, wahala ta tashi a banza.

Shi ya sa ake gasa kwalaben a tanda tun daren jiya, su huce a rufe. Sai a kori iskar ciki da naitirojin ko agon, ta jerin bututun gilashi mai ɗauke da sunan Bajamushe Wilhelm Schlenk. Maganiziyam kuma yana da wata 'yar tsatsa a bayansa da ke hana aiki farawa, sai a jefa ƙwayar aidin ɗaya ta buɗe masa hanya. Launin aidin ya ɓace, ruwan ya yi duhu-duhu ya fara tafasa da kansa? To, ya kankama. A nan fa ɗigo-ɗigo ake zubawa, domin eta na tafasa a kusan digiri 35, ga saurin kama wuta.

Idan aka juye haɗin kan busasshiyar ƙanƙarar kabon dayokzaid, aka ƙara asid, sai a samu benzoyik asid. Abin mamaki, yanzu ruwa ya zama aboki: a narka shi a ruwan zafi, ya huce, ya fito fari tas kamar allurai. Yaya za a san ya tsarkaka? Mai kyau yana narkewa a digiri 122. Na'urar NMR kuma ta tabbatar da tsarinsa.

Kar ku ɗauka wasa ne. Wasu 'yan uwansa masu ɗauke da litiyam suna kama wuta da sun shaƙi iska. A Disambar 2008, a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, sirinji ya kwance a hannun wata matashiya mai bincike, ba ta sanye da rigar kariya, ta ƙone, ta rasu bayan kwana 18.

Ɗalibai, rigar kariya da tabarau tukuna, sannan kwalba. Wa ya taɓa yin wannan gwajin a makaranta? Ku faɗa mana a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.