Gambiya: ƙasar da kogi ya shata wa iyaka

A ranar 18 ga watan Fabrairun kowace shekara ne al'ummar Gambiya ke bikin tunawa da 'yancin kan da suka samu daga Birtaniya a 1965, a ƙarƙashin jagorancin Dawda Jawara.

Idan aka cire ƙasashen tsibirai, babu ƙasar da ta kai ta ƙanƙanta a Afirka. Senegal ta kewaye ta ta kowane ɓangare, in ban da ɗan bakin tekun Atlantika, domin Turawan Ingila da na Faransa sun bi gaɓar Kogin Gambiya ne wajen shata iyakar a 1889.

A tsakiyar kogin akwai wani ɗan tsibiri da Turawa suka raɗa wa James, inda aka riƙa tsare bayi kafin a tsallaka teku da su zuwa nahiyar Amurka. Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2003, kuma a 2011 gwamnati ta sauya masa suna zuwa Kunta Kinteh, bawan da littafin Roots na Alex Haley ya sa duniya ta sani.

Sai dai ruwa na ta cin gaɓar tsibirin, abin da ke barazana ga kufan ganuwar da ya rage a kansa.